Kilabiyen Ikko

Shekarun baya, tun ina da gashi a tsakiyar kai, yayana ya dawo daga ci-rani a Ikko da wata tsohuwar odinatar ta hannu, wato kwamfuta, cikin jakarsa. Nufinsa ya sayar da ita a Madawa, amma duk wanda ya buɗe ta ya ga tsagar da ke gefen gilashin sai ya mayar ya rufe. Da zai koma ya ajiye mini ita ya ce, "Kai ka yi lakol, kai ka san yadda za ka yi da ita." To, lakol ɗin tawa, wato makarantar boko, a kolej ta tsaya, kuma ban taɓa ɗora yatsa a kan odinatar ba sai ran nan. Amma kun san halin ɗan lakol a ƙauye, ba ya cewa bai sani ba. Na karɓa ina gyaɗa kai.

Babu komai a cikinta sai hotunan bikin wasu mutane da ban sani ba, da wani wasa guda. Wasan kuwa ga yadda yake: akwai ɗan gari a ƙasan gilashin, kalmomi suna faɗowa daga sama, in ka rubuta kalma daidai kafin ta iso ƙasa sai ta fashe, in ta kuɓuce maka ta faɗa kan gida sai gidan ya kama wuta. Gidaje suka ƙare, wasa ya ƙare. Kalmomin duk na Ingilishi ne, ban san ma'anar ko ɗaya ba, amma haka nake harbe su. Mu muka raɗa wa wasan suna ƙanƙara.

Na ce mu, domin ba ni kaɗai ba ne. Akwai abokina, tare muka tashi a ƙauyenmu can gefen Galma, tare muka shiga lakol, tare muka faɗi jarrabawar kolej. Da safe mu kai odinatar wurin mai cajin salula da ke da panno, faifan nan mai jan wuta daga rana, da la'asar mu ɗauko ta mu zauna gindin itacen bedi a ƙofar gidanmu, mu yi ta karɓa-karɓa har batir ya mutu. Ba na son yabon kai, amma gaskiya na fi shi nesa ba kusa ba. In na zauna, yara har zagaye ni suke suna ihu. Mahaifina kan leƙo daga zaure ya kira ni da laƙabina ya ce, "Mushe, yau gida nawa ka hana ya ƙone?" Ina jin ba'ar a muryarsa, amma ina jin daɗinta.

Shekarar nan damina ba ta yi kyau ba. Kowa ya san abin da ke biyo bayan haka a Adar: ana gama ɗaure ɗan hatsin da aka samu, samari su hau mota, wasu Ikko, wasu Abijan, wasu Libiya. Yayyena duk sun riga sun tafi, ni kaɗai na rage wa tsoho, shi kuwa ƙafafunsa sun fara kumburi, ko masallaci sai da sanda. Ba na son tafiya. Wallahi ba tsoron wahala ba ne, ina dai duban tsohon nan sai in ji jikina bai ba ni ba.

Ana cikin haka aka yi sanarwa a rediyo cewa wani proje, wato shirin tallafi, na manoman albasa a Madawa yana neman sakatare mutum ɗaya, wanda ya iya rubutu da odinatar, kuma za a yi gwaji. Na ruga na gaya wa mahaifina. Ya ce, "In ka samu wanga aiki, ka zamna kusa da ni. In ba ka samu ba, sai ka bi ƴan'uwanka. Ba ni son ganin bayanka, amma ka ga rumbu da idonka."

Ni da abokina muka kai sunayenmu tare. Daga ran nan ƙanƙara ta daina zama wasa a wurina. Na lura in ina duban kilabiye, wato wurin baƙaƙen da ake dannawa, kalmomi suna kuɓuce mini, sai na samo tsohon ɗankwalin mahaifiyata na riƙa rufe hannuwana da shi. Da farko garin nan ya sha wuta. A hankali yatsuna suka haddace wurin kowane baƙi, har ya zama ina iya hira da mutum ina kallon fuskarsa, hannuwana suna aikinsu a ƙarƙashin ƙyalle. Na ɗauko tsohon littafin Faransancinmu na kolej ina kwafe shi shafi-shafi, idona a kan takarda kawai. Ƴan alamomin da ake ɗora wa baƙaƙen Faransanci ban same su a kilabiyen ba, na ce a raina ai wannan ƙaramin abu ne, can za a nuna mini.

Abokina kuwa sai ya fara yawan zuwa Madawa, wai yana taya mijin yayarsa tsaron shago. Na san shagon, na buga takardu ne da fotokopi kusa da tasha, amma ban kawo komai a raina ba. In ya dawo muka zauna wasa, sai na ga ya lalace gaba ɗaya. Kalmar da ya saba fasawa ido rufe yanzu sai ta gagare shi, ya danna nan a maimakon can, gari ya ƙone tun ba a je ko'ina ba. Ni kuwa me zan yi in ba dariya ba.

"Kai, mutumina, Madawa ta cinye maka yatsu! Haka za ka tahi gwaji?"

Sai ya yi murmushi ya dubi ƙyallen da ke kan hannuna ya ce, "Kai dai ci gaba, ka iya."

Ranar gwaji muka hau mota ɗaya. Na sa rigar sallata. Aka shigar da mu wani ɗaki mai odinatoci jere, manya masu kilabiye daban, aka zaunar da abokina a gefena. Wata madam ta raba mana takarda mai rubutun Faransanci, ta ce mu kwafe kafin ta ce a tsaya. Na dubi sauran masu gwajin, na ga wasu suna neman baƙaƙe da yatsa ɗaya, har tausayi suka ba ni. Na gyara zama, na ɗora yatsu, na kafe ido a kan takarda kamar yadda na saba. Madam ta ce a fara.

Kai jama'a, ranar na yi gudu! Ƙarar yatsuna kaɗai ake ji a ɗakin, har na ji wani ya juyo yana kallona. Sai da na kusa rabin takardar sannan na ɗaga kai don in more wa idona.

Abin da na gani a gilashin ba Faransanci ba ne, ba Hausa ba ne, ba harshen kowa ba ne. Sunan Madawa da na rubuta a layin farko, yadda ake rubuta shi da Faransanci, ya fito ?qdqouq. Duk inda na sa a, q ne ya fito. Duk inda na sa m, waƙafi ne. Na ɗauka odinatar ce ta lalace, na sunkuya na dubi kilabiyen, karo na farko tun da na zauna. Baƙaƙen ba sa inda na san su. An ɗauke wannan an kai can, an ɗauko wancan an kawo nan, ga kuma alamomin Faransancin da nake nema jere a sama.

Na goge duka na sake farawa ina duba, amma yatsun da na wahala na koya musu suka ƙi jin maganata. Ina ganin baƙi a dama, yatsa ya riga ya tafi hagu. Zufa ta jiƙa rigar sallar. Na saci kallon abokina, na ga yana tafiya a natse, ba sauri ba kuskure, bai ko juyo ba.

Da madam ta ce a tsaya, ta bi mu ɗaya-ɗaya. Ta iso kaina ta dubi ɗan abin da na iya gyarawa da tarkacen da ya rage, ta ce, "A wace odinatar ka koya?" Na ce ta yayana ce, daga Ikko ya kawo ta. Ta girgiza kai. "Ayya. Na Ingilishi hannunka ya sani. Mu nan na Faransanci muke aiki da shi, ba wanda ya gaya maka?"

Ta wuce wurin na gaba. A lokacin ne na gane abin da ya lalata wa abokina wasa a ƴan makonnin nan. Yatsunsa suna koyon kilabiyen shagon mijin yayarsa ne, shi ya sa suke ɓata a nawa. Ya sani. Kullum yana zaune kusa da ni gindin bedi, yana kallona ina rufe hannu da ƙyalle ina haddace abin da zai kashe ni, ina yi masa dariya, shi kuma ya yi shiru.

A waje na tare shi na ce, "Ka san ba iri ɗaya ba ne?"

Ya dubi takalminsa. "Na aza ka sani."

"Ina zan sani? Odinatar nawa na taɓa gani a duniya?"

Ya juya ya nufi tasha. Mota ɗaya ta mayar da mu gida, ni a gaba shi a baya.

Shi aka ɗauka. Da na gaya wa mahaifina, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Allah bai yi ba, Mushe." Ba a jima ba na hau bayan motar albasa zuwa Abijan. Ya rako ni har bakin hanya da sandarsa, yana tsayawa yana hutawa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ina shekara ta biyu a can, ina tura amalanke a kasuwa, aka kira ni a salular wani ɗan garinmu aka ce tsoho ya cika. Kafin in haɗa kaina in iso gida, har masu zaman makoki sun watse. Na ce a kai ni kabarinsa. Mahaifiyata ba ta je ba, yayyena ba su nan lokacin, tsofaffin da suka je kuwa kowa ya ce sai dai a tambayi samarin da suka ɗauki makara. Aka aika a kira ɗaya daga cikinsu. Sai ga abokina ya shigo, da rigarsa mai guga da makullin babur a hannu.

Muka tafi maƙabarta yana gaba ina biye. A hanya, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Wurin aikin guda ne, aboki. Da na hwaɗa maka, da kai za ka ci, ni in tahi. Kuma ka san innata ni ɗai gare ta." Ya ƙara da cewa, "Ina zuwa gaishe da Baba duk Juma'a. Bai rasa komi ba."

Na so in shaƙe shi a wurin, Allah ya sani. Amma ban san hanya ba, dole na ci gaba da bin sa.

Yau komai ya wuce. Ina da ɗan shagona a Madawa, ina da iyali, shi ma yana nan ya zama babba a aikinsa. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu yi musabaha, mu tambayi lafiyar yara. Mutane suna ce mini abin ya daɗe, in bar shi, rabo ne. Na yarda rabo ne. Da a ce mun zauna a kan kilabiye iri ɗaya ya kayar da ni, da ni zan fara yi masa barka. Na kuma sha tambayar kaina ko ni da zan faɗa masa in da ni ne na sani, kuma har gobe ina ganin zan faɗa, don magana ce da ba ta fi a yi ta a numfashi ɗaya ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, amma ga shi: ba sai mutum ya yi maka ƙarya zai cuce ka ba, ya isa ya zauna kusa da kai ya ja bakinsa. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne bai bar mini ko damar in tsane shi yadda nake so ba. Mahaifiyarsa a hannunsa ta rasu, yana riƙe da ita. Ni kuwa nawa uban, sai da shi abokin ya tsaya a tsakiyar maƙabarta ya miƙa yatsa ya ce mini, "Wanga ne."