Ragon da ya riga mota zuwa suna

Shekarun baya can da nisa, zamanin da in mota ta wuce a Damagaram sai mata sun leƙo ta katanga, kawuna ya sayi wata tsohuwar kamiyonet, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, a hannun wani Bafaranshe da zai koma gida. Kawun nan shi ya rene ni. Tsohon madugu ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai da kawo da ayarin raƙuma tsakanin Borno da Damagaram. Ni kuma na ɗan koyi tuƙi a wajen direban Bafaranshen, don haka na zama shofer ɗin gida, ina ta hura hanci kamar ni na ƙera motar.

Ranar da aka damƙa mana ita, direban ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai lambobi a jikin ƙofa. Ya ce wannan ne iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma ba kaya kaɗai ake nufi ba, har ni kaina da duk wanda ya hau. Ya ce in aka wuce haka ba za ta ƙi tafiya ba, sai dai ta yi ta zuƙar mai kamar babu gobe.

Da na kai wa kawu wannan bayani, dariya ya yi.

"Raƙumi wa ya rubuta masa a wuya? Ɗora masa kake yi, in ya ishe shi zai yi kuka, ya ƙi tashi, sai ka rage. Ita ma za ta faɗa."

Ba a daɗe ba matata ta haihu. Haihuwar fari ce, tana gidan iyayenta a wani ƙauye na Hamdara. Namiji aka samu. Ragon suna daga wajenmu zai fito, kuma da sassafe ake yanka. In gari ya waye babu rago, ban san da wane ido zan kalli surukaina ba. Mai kuwa a lokacin wuya yake yi. Da ƙyar na samu bido ɗaya, wato jarka guda, amma na san da kaya na hankali yana kai ni har da saura.

Ana gobe suna, da hantsi, aka fara lodi. Buhunan gero, kantun gishiri, kanwa ta kunun mai jego, itacen dafa ruwan wankanta, sabon turmi, tabarmi. Gwaggonnina uku suka hau, kuma Allah ya yi musu jiki, ba laifi. Aka cusa rago a tsakiyarsu. Ina kallo bayan motar yana ta yin ƙasa, har tayoyi suka kusa ɓuya. Na ce a hankali, "Kawu, kamar dai ya isa."

Ya zaga ta, ya kara kunne a jikinta, ya saurara sosai. Sannan ya miƙe ya ce, "Ba ta ce komai ba. A ƙaro itacen nan."

Wa zai ja da mutumin da ya rene shi, a gaban gwaggonni? Aka ƙaro itacen. Shi kuwa ya sha babbar riga da rawani ya zauna a gaba. Na san abin da ke ransa: yana so ya shiga garin surukai a cikin motarsa, irin shigar da ba a taɓa yi musu ba.

Har Mirya lafiya lau, gwaggonni na ta waƙa. Muna wucewa muka faɗa yashi. Motar ta ƙi karɓar babbar giya, sai ƙaramar, inji na ta gurnani, tafiyar kuwa jaki ma ya fi mu sauri. Ruwanta ya tafasa, muka tsaya. Na tsoma wani siririn sanda a tankin mai don in ga abin da ya rage, sai na ga bakin sandan kawai ya jiƙe.

Na ce, "Kawu, da wannan kaya man ba zai kai mu ba. In mun rage, ƙila."

Ya dubi tururin da ke fita, ya dubi sandan. Bai yi faɗa ba. Sai na ga madugun nan na da ya dawo. Ya sa aka sauke gero da turmi da rabin itace a gidan wani manomi a bakin hanya, amana. Sannan ya ce, "A ayari, mai ƙafa shi ke sauka." Gwaggonni suka kalli juna, kowace ta tuna da ciwon gwiwarta. Sai kawai ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe, ya kama igiyar rago, ya ce mu je, shi da ragon za su same mu. Na roƙe shi ya bari, ya ce shi da ya taka har Borno ba Hamdara ce za ta gagare shi ba.

Motar ta ji sauƙi, ta ɗan ja. Na fara murna, har ina yi wa gwaggonni kirari. Muna hango rumbunan garin, ta yi tari sau biyu ta mutu murus. Na sa ƙarfen tayar da mota na yi ta juya injin har kafaɗata ta sage, ko motsi.

Muna zaune a inuwar wani gawo, la'asar ta yi sanyi, sai ga kawu tafe da ragonsa, ya yi gumi sharkaf, amma takunsa bai canza ba. Ko tsayawa bai yi ba. Ya ɗaga mana hannu ya ce, "Sannunku da hutawa." Ya wuce. Gwaggona babba ta yi dariya har da hawaye.

Haka rago ya riga mu shiga gari. Mu kuma samarin ƙauyen ne suka turo mu, ina riƙe da sitiyari ina sunkuyar da kai. Washegari aka yanka rago a kan lokaci, aka raɗa wa yaro sunan kawu.

Bayan an watse ya kira ni gefe. Na zaci faɗa zan sha. Sai ya ce, "Raƙumi yana da bakin da zai ce ya gaji. Wannan ba ta da shi. Kai ne bakinta. Jiya ka yi magana ƙasa-ƙasa don kunyata, ka kusa rasa ragon ɗanka. Daga yau in ya isa ka ɗaga murya, ko ni ne mai lodin."

Har yau in na tuna sai na ji ƙaunarsa ta cika mini ciki. Ban taɓa ganin babba ya ba ƙarami izinin musa masa da bakinsa ba sai ranar. Mun yi shekaru muna aiki da motar nan, ba ta sake cinye mana mai a hanya ba. Duk sanda ake lodi na ga bayanta ya fara sauka, sai in ce da ƙarfi, "Kawu, ta yi kuka." Shi da kansa yake hawa ya sauke buhun.