Zaren da na yi ta ragewa

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ne ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Daga kasuwar Mashi yake dawowa, inda ya daɗe yana dillancin shanu, yana saukowa daga mota a Daura sai ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ƙafar ta dawo daga baya, yana jan ta har masallacin ƙofar gida. Baki ma ya saki. Hannun ne ya kwanta a cinyarsa ya ƙi tashi.

Abinci ne ya zame mana tashin hankali, don Baba ya kafe ba zai ci da hagu ba. Lokacin kowa ya koma neman fatawa, ko tari aka yi sai an tambayi hukuncinsa, don haka muka ɗauko limamin unguwa. Liman ya ce larura ce, babu laifi ko kaɗan. Baba ya saurare shi da ladabi, ya yi godiya, liman na fita ya ture kwanon. Inna ce ke ba shi a baki, a ɗaka, an saki labule, shi ma loma kaɗan sai ya kau da kai. Mutumin da ke danƙe ƙahon bijimi ya tsayar da shi, ga shi rigunansa sun yi masa yawa.

Likitan gashin ƙashi ya ce a samo abin da zai riƙa motsa masa yatsu da wuyan hannu. Ƙwallon roba da aka ba Baba kuwa, tura ta ya yi ƙarƙashin gado. Ana haka ƙanwata da ke aure a Baure ta zo dubiya, 'ya'yanta suka manta da wani abin wasa da ake kira yoyo a tsakar gida. Faifai biyu ne na katako, an haɗa su da ɗan ƙarfe a tsakiya, zare ya zagayo ƙarfen. Ka saki ya sauka, ka ɗan fizga ya hawo. Babu boris irin na tayar keke, babu komai a ciki, ƙarfen a kafe yake. Baba ya ga ina juya shi ya ce in kawo. Ina jin abin da ya ja shi shi ne wannan zai nuna masa ko ya iya ko ya kasa, ƙwallo kuwa ba ta faɗa maka komai. Sharaɗinsa ɗaya, kada na waje ya gani.

Ni bakaniken babur ne. Da na ji yoyon yana ɗan kuka in ya sauka, ban tsaya wani tunani ba na lakato giris na shafa wa ƙarfen. A wurinmu duk abin da ke juyawa mai yake so. To, daga ranar sai ya sauka ya tsaya a ƙasa yana ta juyi abinsa, ya ƙi hawa, ko a hannuna mai lafiya. Na yi kwanaki ina zagin wanda ya ƙera shi kafin na gane cewa wannan abu sai ƙarfen ya kama zaren yake hawa, ni kuma na hana shi kamawa. Na wanke da fetur, amma katakon ya riga ya sha, sai da na naɗe samfefa siriri na yi ta gogar ciki.

Zaren ma ya lalace. Na gwada zaren buhu, yana santsi kuma yana yanka yatsa. Na tela bai jure ba, ya tsinke. A ƙarshe abawa aka kawo mini daga wurin gwaggon Inna a Sandamu, na ninka biyu na murza a cinya. In murɗin ya yi yawa ya cukurkuɗe, in ya yi kaɗan ya saki ƙarfen. Na daina zagayo shi kawai, na ƙulle shi tam a jikin ƙarfen don kada ya sami damar juyi a banza. Na ɗan bubbuga faifan da guduma suka matso kusa da juna. Ban taɓa wahala a kan injin babur kamar yadda na wahala a kan abin wasan nan ba.

Kullum bayan la'asar sai in rufe gareji in zo. In sa masa zaren a yatsan tsakiya, in naɗe, in ɗora a tafinsa, ya saki. Ya sauka, ya hawo rabi, ya mutu yana lilo. In sake naɗewa. Haka har a kira magariba. Na gaji ƙwarai. Akwai ranakun da in na hango ƙofar gidanmu nake jin kamar in wuce in yi ta tafiya.

Da yake a kujera yake zaune, na rage zaren don kada yoyon ya riƙa bugun ƙasa. Sai na ga ya ɗan ƙara matsowa kusa da hannun. Bayan kwana biyu na sake ragewa. Na yi ta ragewa a gareji, ina gaya wa kaina gyara nake yi, har kafin damina ta ƙare zaren bai fi taƙi ba. Wata rana ya saki, yoyon ya sauka ya hawo ya bugi tafin hannunsa. Inna, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta yi ta hamdala tana share hawaye da gefen mayafi. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Baba bai yi murna ba. Ya kama zaren da hagu ya miƙar da shi, ya daɗe yana kallo.

"Kai, ina sauran zaren?"

Na ce na ɗan gyara ne don ya fi sauƙi.

"Kafaɗa na ɗaga," ya ce. "Yatsun ba su motsa ba. Kai ma ka gani."

Na gani kuwa, tun ba ranar ba. Ya ce in zare masa abin daga yatsa, na zare. Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da na fi samun sauƙi. Sannan ya ce wa Inna ta kawo tuwon nan tsakar gida, ta haɗa da nawa a kwano ɗaya.

Ya miƙo hagu na zuba masa ruwa daga buta. Ya yi bisimilla, ya gutsuro tuwon, lomar ta suɓuce ta faɗi a rigarsa. Ya sake gutsurowa, wannan ta kai baki. Ya ci gaba a hankali, miya na bin gwiwar hannunsa. Inna ta shige ɗaki. Ni ina zaune gaban kwanon na kasa sa hannu.

Bai ɗago ya dube ni ba ya ce, "Ci mana. Kai hannunka na aiki."