Makankarin Kui Rawinia

Shekara hamsin da ɗoriya Rawinia Paenga ta yi a barandarta da ke garin Tokomaru tana kankare ganyen harakeke, tana fid da zaren saƙa. Shinge ɗaya ne tsakaninmu, don haka na san ta ciki da bai: hannu mai laushi, baki kuwa sai a hankali. Da ɓawon kuku take aikin, baƙar kumbar nan ta bakin teku da muke dafawa mu ci naman cikinta. Kullum sunansa a bakinta "makankarin kakata".

Abu ɗaya ke ci mata rai, duk zuriyarta babu wanda ya iya aikin. Sun watse birane, sai Kirsimeti ake ganinsu.

Da jikarta Hinerangi, ma'aikaciyar jinya, ta dawo gida da mijinta, sai ta ji sunan nan, tsigar jikinta ta tashi. Ta faki idon tsohuwa ta kai ɓawon gari, aka sa shi a gilashi, aka rubuta a ƙasa: taonga tuku iho, dukiyar da magabata suka miƙo. Muna cin dankali da rana sai ga Hinerangi ta kawo shi, har da ƙwalla.

Rawinia ta ƙura wa gilashin ido. "Moko, jikata, wa ya mutu?"

"Gadonmu ne fa, Kui, kakata. Kar ya fashe."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Wannan? Ranar Lahadi wannan acicin mijin naki ya tanɗe cikinsa! Na kakata ya fashe tun ina budurwa."

Kunya kamar Hinerangi ta nutse, ni kaina na tausaya mata. "To don me kike ce masa nata?"

"Ku 'yan birni, kun ji taonga, wato dukiya, kun toshe kunne a tuku iho. Miƙowa aka ce, ba ratayewa ba. Kawo hannunki."

Ta zaro wani ɓawon daga kwano, ta danna babban yatsan jikar a bayansa, ta karkatar da shi kaɗan. "Nan kakata ta danna nawa."

Ganye takwas Hinerangi ta yaga. A na tara farin zare ya fito. Rawinia ba ta yaba ba, amma na ga farin ciki ƙarara a fuskarta.

Gilashin na nan a bango, baƙi na sha'awa, mu kuma bakinmu alaikum. Hinerangi ta fasa ɓawo goma sha ɗaya zuwa yanzu. Jiya na ji ta ta shinge tana cigiya: "Wa ya ga makankarin kakata?"