Kujerar Yaya a Shagona

A Tasawa nake harhaɗa ƴan akwatunan da ke tsare batirin sola, kada rana ta cika shi har ya lalace. Kowane akwati yana da ƙwaƙwalwarsa, wata baƙar aba kamar ƙwayar wake mai ƙafafu, muna ce mata pus. Sai an zuba mata umarni daga ordinata, wato kwamfuta, take aiki.

Da yayata ta gama takaba a Korgom, na ga zaman ɗaka zai cinye ta. Na ɗauko ta, na ce hannu nake nema. Aikinta ta dasa pus a gurbi, ta danna, ta jira koriyar fitila, ta cire ta sa wata. A cikin jiran nan muke hira. Nan ta fara ambaton marigayi ba tare da hawaye ba, nan ta koma yi mini tsiya wai tun ina yaro hannuna ba ya barin rediyon mutane lafiya.

Sai masu saye daga Mayahi da Gidan Amumune suka yi yawa, ni kuma ba ni da haƙurin jira. Na haɗa allo mai gurbi takwas, dannawa guda duk su ɗauka. Aikin yini ya ƙare kafin hantsi. Ina ta washe baki, ita tana zaune da hannuwa a cinya.

Kwana biyu tana share shagon da ba shi da datti. Abin ya dame ni ƙwarai. Na zare waya guda daga allon, na ce ya mutu, mu koma yadda muka saba.

Ta dube ni ta yi murmushi. "Auta, ni na goye ka. Maida wayar nan. Mutane na can cikin duhu suna jiran kayansu, kai kana nema mini abin yi."

"Yaya, ki zauna ko ba aiki."

"In zauna in yi mi? Gero na jirana gida."

Ranar kasuwa ta hau kabu-kabu ta koma Korgom. Kaya sun riƙa fita a kan lokaci, ba wanda ya sake yi mini ƙorafi. Yanzu kafin azahar na gama komai, ga lokaci har ya yi mini yawa, sai in kira ta a waya. Mukan gaisa, ta tambayi yara, ta ce kada in ƙarar da kiredin wayata.