Shirun da rariyar imel ta saka tsakanina da 'yar farina

A daminar shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zariya abin ya faru, shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, tuwon da nake sayarwa a Samaru kuma ya ƙi tafiya don ɗalibai suna gida. Ni mace ce da ta koyi karatu da girma, a ajin yaƙi da jahilci. Hausa nake karantawa, a hankali, da yatsa. 'Yar farina ta bi mijinta ƙasar waje inda yake karatu, da ciki a jikinta. Kafin ta tafi ta buɗe mini akwatin imel, ta ce buga waya daga can tsada. Duk Asabar nakan je kafe, wato shagon intanet, matar da ke tsaron wurin ta buɗe mini, in karanta, in faɗi amsa ta rubuta.

Da watan haihuwa ya kama, sai saƙo ya ɗauke. In je, a buɗe, babu komai. Matar takan ce mini, Mama mu tura mata mana. Sai in ce a bari. Kun san mu da 'yar fari: ko sunanta ba na faɗa, balle in bi ta da tambayar ko ta sauka. Ina nuna ko a jikina, alhali abinci ba ya wuce mini. Na je wani kafe a Sabon Gari ko injinsu ya fi. Mai wurin ya ce watakila wasiƙun sun maƙale a hanya saboda ruwan sama. Har yau ban sani ba ko zolayata yake yi, amma na yarda, na koma gida ina jiran rani.

Wata Asabar matar ta gaji da ganin fuskata, ta danna wani wuri a gefe da ba mu taɓa buɗewa ba, sai ta yi salati. Ta ce akwatin yana da rariya mai tace wasiƙun 'yan damfara ta zuba a kwandon shara, to ga saƙonnin 'yata a ciki. Na tambaya me yarinyar ta yi wa rariyar. Ta ce tana zaton don ta koma rubuta mini da manyan baƙaƙe ne saboda idona, amma ita ma ba ta da tabbas. Ta danna wani abu, ta ce ta gaya wa injin wannan ta gida ce. Saƙonnin farko kuwa kwandon ya riga ya zubar da su, har da wanda ta sa hoton abin da ta haifa.

A waɗanda suka rage na gane ta haifi mace, an sa mata sunan uwar mijin. A na ƙarshe ta ce idan fushin rashin sa sunana ne ya sa na yi shiru, ta ji, ba za ta ƙara damuna ba. Kafin in buɗe baki aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi.

Rariyar nan ban gane ta ba har yanzu. Abin da na gane shi ne injin bai san kunya ba, 'yata kuma daga nesa ba ta ganin fuskata, shiruna kawai take ji. Iyaye mata, in saƙo ya ɗauke ku sa a duba kwandon, ku kuma tambaya da bakinku.

Washegari ban hura wutar tuwo ba. Na riga mai share kafen zuwa. Da aka buɗe na ce wa matar ta matsa, na nemo baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsana, na fara da sunan 'yata.