Kan Keken Ilu Wanzami

Duk wanda ya taɓa aski a Kafin Dafga ya san Baba Ilu wanzami da baƙin kekensa. Shekara arba'in ke nan yana zaga ƙauyuka da zabirarsa. Kan keken a duƙe yake, sai ya sunkuya ya danne shi da tafin hannu.

To, girma ya zo. In ya yi doguwar tafiya a hanya mai gargada, sai yatsunsa su mutu, ya riƙe aska kamar da hannun aro. Ran nan ya ɗan yanki wani dattijo a bayan kunne. Kafin la'asar gari ya ɗauka.

Babban ɗansa Abdulmutalib ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah a ajiye askar nan. Hannun ya gaji."

"Hannun wa? A gida lafiyarsa ƙalau, sai na hau keke yake mutuwa. Ka taɓa tambayar dalili?"

Ranar kasuwa ya tura keken wurin Sabi'u mai gyara a Karaye. Ya ce a ɗaga kan, a juyo da mariƙin wajensa, a ɗan sauke sirdin.

Sabi'u ya ce, "Baba, ai sai ya koma ƙahon bajimi. Dariya za a yi maka."

"Su yi. Da haƙoransu nake aski?"

Aka naɗe mariƙin da tsumma da robar tsohuwar taya. Ya hau ya zauna kyam, nauyinsa a sirdi, yatsu a sake. 'Yan acaɓa suna yi masa ihu, "Baba, ina za a kai bajimin?" Ƙararrawa kawai yake kaɗa musu.

Sai aka yi haihuwa a gidan wani manomi Suhaibu, can nesa da gari. Ba a aiko wa Baba Ilu ba, amma ranar suna da hantsi sai ga shi ya jingine keke.

Suhaibu ya sosa ƙeya. "Baba, jariri ne fa. Ga tafiyar da ka sha..."

Baba Ilu ya ce a kawo allura da zare. Aka kawo. Ya ɗaga hannu inda kowa zai gani, ya zura zaren karo ɗaya, ya miƙa wa Suhaibu.

"Riƙe. Ku fito min da yaron, ruwan ɗumin yana hucewa."