Wasakin Hajo mai huda a gindi

"Kaka, in yar da wagga tsohuwar fata?" Jikata ce jiya, riƙe da wani busasshen wasaki, wato gugan fata, mai huda a gindi.

Na ce maza ta mai da shi inda ta gan shi.

Zamanin Turawa ina makanike a wani gareji a Isa, injin da muke matsa ƙarfe da shi ya kama yoyon mai. Fatar da ke tare man a ciki ce ta cinye. Ga damina ta yanke hanyar Sakkwato inda ake samo sabuwa, ga motar geron fataken Sabon Birni kwance tana jiranmu.

Na koma gida tuwo ya ƙi ciyuwa. Da Hajo, amaryata, ta ji dalili, sai ta ɗauko wasakin da ta taho da shi daga garinsu Turba.

"Malam, yanka. Fatar da ta riƙe ruwan rijiya, mai za shi gagare ta?"

"Ke da mi za ki ja ruwa?"

"Za ni ara ga maƙwabta."

Na yanka, na jiƙa a mai, na ɗaura. Ko ɗigo! Muka matsa ƙarfen motar, ta tashi.

Jiya Hajo na gefe tana tsince wake, ta yi murmushi ta ce, "Ashe kana tune."

Ku fa, wane tarkace ne ba a taɓawa a gidanku?